Tankari, Ɗa Tilo Mai 'Yan'uwa Goma Sha Huɗu

Jama'a a gyara zama, masu hula a daidaita ta! Ga Tankari na Dogondutsi, sarkin tafintocin unguwar Sanyuanli, mai harshe biyar a baki guda, wanda kwantena ba ta barin tashar Nansha sai ta yi masa sallama. Shi ne mutumin da takardar gwamnatin Sin ta ce shi kaɗai aka haifa, alhali in ana taro a gidansu sai an aro tabarmin maƙwabta.

To, bari in ajiye ganga in faɗi gaskiya. Siririn mutum ne ɗan shekara arba'in da shida, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Daga Nijar ya zo Guangzhou karatun Sinanci, ya kuma gama, ba kamar wasunmu ba. Wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke shi tafinta, yau shekara goma sha ɗaya. Aikinsa tsayawa tsakanin Alhazan Kano da masu shaguna a kasuwar Canaan. Alhaji ya ce, "Gaya masa shi ɓarawo ne," sai Tankari ya juya ya ce da Sinanci, "Alhaji na ganin farashin ya ɗan hau." Da haka aka yi cinikin da ba ya ƙirguwa, ba a taɓa marin kowa ba.

Ɗan albashi ne, kuma a nan kafin albashi ya shigo hannu an riga an yanke haraji, wanda shi yake kira impo. Farkon shekara Madam Liang, akawun kamfanin, ta zaunar da shi za su cike fom. Akwai rangwame ga mai ciyar da iyayen da suka haura sittin. Gurbi biyu ne: ko kai ɗa tilo ne, a ba ka rangwamen duka, ko kana da 'yan'uwa, ka samu rabi. Ta ce wa yake ciyarwa? Ya ce mahaifiyarsa, Inna Rekiya. Ta ce shi kaɗai ne? Ya ce shi kaɗai.

Bai yi ƙarya ba. Amsar da kowane Bahaushe zai bayar ya bayar: shi kaɗai ne a ɗakinsu. Inna Rekiya daga kansa ba ta ƙara ba. Sauran ɗakunan gidan marigayi babansa kuwa, Allah ya yi musu albarka. Madam Liang ba ta san gida yana da ɗakuna irin wannan ba, ta danna gurbin tilo.

Wata takwas ana zaune lafiya, sai ƙanensa Isuhu ya zo sarin wandunan jins. Ina ofishin ranar da hantsi, na je shan iskar esi. Tankari ya gabatar da Isuhu ga Madam Liang.

Madam Liang ta yi dariya ta ce, "Irin ƙannen nan naku? Ku kowa ɗan'uwa ne."

Ya ce, "A'a, wannan ubanmu ɗaya."

Ta cire tabarau. "Ku nawa ne?"

"Ban da ni, goma sha huɗu."

Ta sa ya maimaita, a zatonta Sinancinsa ne ya goce. Da ta tabbata, ta ce lallai da sauran magana. Saura mako biyar ya sabunta izinin aiki, kuma sai an haɗa da takardar haraji. In aka ga bayanin da ya saɓa, tana tsoron kada izinin ya maƙale. In ya maƙale, ba aiki, ba zama, sai jirgin Yamai.

Na ce, "Kawu, ka bar shi yadda yake mana. Wane Basine ne zai je Dogondutsi ƙidaya? Ko ya je, kafin ya gama gaisuwa bizarsa ta ƙare."

Ya ce, "Kai ɗan Kano, an tambaye ka?"

Madam Liang ta ce akwai wata hanya. Tunda shi kaɗai ke riƙe da tsohuwar, mai yiwuwa a yarda a bar shi a tilo, amma sai ya kawo shaida daga hukumar garinsu, da hatimi, a fassara, a sake buga wani hatimin.

Tankari ya dubi Isuhu, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta Sinanci, yana ta ɓare gyaɗar baƙi. Ya ce da Hausa, "Bon. Takarda daga meri, ofishin magajin garinmu, wata uku ce, in magatakarda bai tafi gona ba. Ban da haka ma, in aika gida a rubuto cewa ni tilo ne? Kafin la'asar maganar ta zaga gari: Tankari ya je Sin ya yafe danginsa. Da wane ido zan je Sallah?"

Isuhu ya ɗago. "Yaya, wa ya yafe wa?"

"Ci gyaɗarka."

Ya ce wa Madam Liang ta mayar da shi gurbi na biyu. Ta mayar, ta lissafa abin da ya kamata a ce an yanka a watannin baya, ya biya. Wata guda cur taliya yake ci ba nama, amma abin da yake aika wa Inna bai taɓa shi ba. Isuhu ya koma gida da jins ɗinsa, har yau bai san shi ya jawo ba.

Ranar da izinin ya fito na tare shi a ofis. Na ce, "Kawu, tarihi zai rubuta ka! Mutum ɗaya a duk ƙasar Sin da ya sayi 'yan'uwansa da kuɗinsa, kuma ko rangwame bai nema ba. Me za ka gaya wa 'yan baya?"

Ya zura fasfo a aljihu ya ce, "Ɗaga, ka zauna mini a kan rasit."