Daga ɗaya zuwa goma

Mun so tashi daga Anka da asuba, direba ya ce shi ba ya hawa hanyar Gummi sai rana ta fito, motoci sun yi ayari. Wata Dakta ce daga jami'a ta ɗauke ni aiki, aikina na farko tun gama sakandare. Ta ce tun ina rarrafe take binciken farin ciki. Nawa kawai in tambayi mata: daga ɗaya zuwa goma, nawa ne farin cikinki? Sharaɗinta ɗaya, takardar da ba lamba ba ta da amfani.

A hanya gonakin dawa sun nuna, wasu ba mai girbi. Duk babur da ya ɓullo daga daji sai in bi shi da ido har ya wuce.

A Gummi muka ci shinkafa da wake, kuɗin kwano ɗaya ya isa biyu bara. Matan da na tambaya kuwa, kowa ta ce goma. Wata tsohuwa ta ce, "Ke ɗiyata, in ce ma Allah huɗu?" Har Dakta sai da ta yi dariya, amma na ga ta dafe kai.

Washegari muka shiga Bukkuyum, wata makaranta da 'yan gudun hijira daga wajen Adabka ke zaune. Na durƙusa gaban wata mata tana tsince gero, na gaishe ta yadda aka koya mini.

"Inna, ina yara?"

"Lahiya lau suke."

Maƙwabciyarta ta ja mayafina, ta raɗa mini cewa 'ya'yanta uku suna hannun mutanen daji tun damina. Duk da haka na karanta tambayar.

"Rubuta goma," in ji ta. "Kada a ji na yi ƙorafi, a hana mini su."

Ban rubuta ba.

Da muka dawo Anka da la'asar na miƙa wa Dakta takardun, na nuna mata wadda ba lamba, na faɗi dalili, ina jiran ta sallame ni. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce ita ma ba ta san me za ta rubuta ba.

Na koyi cewa a wajenmu ba a tambayar mutum ciwonsa, sai dai a zauna kusa da shi. Ni kuwa ban zauna ba. Tambaya na yi, na tashi, mota na jira.