Gudun da Ya Tada Unguwar Dosa

A shekarun nan ina ƙaramin akawu a ma'aikata, ina haya a Unguwar Dosa da matata da 'yarmu ɗaya. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, gudu ne kawai abin da ya shiga raina. Da an idar da sallar asuba sai in ɗaure kambas, in bi ta Malali har bakin kogi, in hau 'yan duwatsun wajen, in dawo kafin rana ta yi zafi. Ina da littafi mai jan bango da nake rubuta inda na kai da mintin da na ci. Shekara uku ina shirin gasar gudun fanfalaki ta ma'aikata, kuma a wannan shekarar na san ƙafata ta kai.

Sai aka yi rikici a gari. Ba zan ba da labarinsa ba, wanda ya gani ya gani. Aka sa dokar hana fita, muka yi kwana da kwanaki a kulle. Ranar da aka sassauta, aka ce a fito daga ƙarfe bakwai na safe, ni ko tunani ban tsaya yi ba. Bakwai na cika na fice.

Abin da na manta shi ne, da asuba na saba gudu, titi ba kowa. Ƙarfe bakwai kuwa kowa yana waje, kuma kowa a ɗar-ɗar yake. Ina shiga layin masu shayi wata mata ta hango ni, ta suri ɗanta ta kwasa. Wani mai shago ya banko ƙofarsa ya kulle. Wani ya ɗaga murya, "An fara! An fara!" Kafin ka ce kwabo layi ya hautsine. Abin kunyar ma, da na ga jama'a suna gudu sai na ɗauka wani abu ne ya biyo mu, na ƙara mai. Sai da na kai Malali na waiga, na ga ba kowa a bayana.

Da na dawo aka gaya mini ɓarnar da na yi. A cikin turereniyar an ture kaskon wata tsohuwa mai ƙosai a bakin kwana, tafasasshen mai ya zube mata a ƙafa.

Bayan la'asar mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da dattawa a zaure, na durƙusa na gaishe su.

"Malam, wa ya biyo ka da safe?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba kowa. Motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki," ya maimaita, ya dubi sauran. "Kai da iliminka, ba ka san halin da gari yake ciki ba? Ka bar gudun nan sai mun ce maka."

Raina ya ɓaci, don ban zagi kowa ba, ban ɗauki na kowa ba. Amma da na je asibiti na ga ƙafar tsohuwar, sai na haƙura.

Na koma gudu a tsakar gida. Taku goma sha huɗu ne daga rijiya zuwa ƙofar kicin, sai in juya. Ina yi ina kauce wa igiyar shanya da kajin maƙwabta. Matata takan zauna tana tsintar shinkafa tana cewa, "Maigida, yau ka kai Malali ko kana hanya?" Nakan yi dariya, amma wallahi ƙirjina kamar an ɗora masa buhun siminti. Littafin ma na daina buɗe shi, don me zan rubuta? Ranar gasar ta zo ta wuce ina cikin wannan zagaye. A ofis na ji wanda ya ci, mutumin da nake bari a baya tun kafin mu kai kogi.

Sai bayan wata biyar mai unguwa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce gari ya lafa, in ci gaba da abina. Washegari na fito da sassafe. Na ɗauki gudu, iska ta bugi fuskata, na ji kamar in yi kuka.

A bakin kwana na hango tsohuwar ta dawo sana'a, tana hura wuta. Tana jin takuna ta ɗago a firgice, ta janye ƙafarta daga murhu, ta riƙe kunnen kaskon da hannu biyu. Na ja birki.

"Ina kwana, Inna."

"Ɗana, lafiya dai?" ta ce, tana leƙen bayana.

"Lafiya lau, Inna. Ba komai."

Ba ta saki kaskon ba. Na wuce ta a hankali, hannuwana a baya kamar mai zuwa ta'aziyya. Na ce a raina in na sha kwana zan ci gaba da gudu. Na sha kwanar, na hango wata mata tana shara a ƙofar gida da goyo a bayanta, sai na ci gaba da tafiya da ƙafa.