Gurbin da na manta ban mayar ba

A shekarata ta uku a jami'a, wajen ƙarshen shekarun saba'in, sashenmu yana da kwamfuta guda ɗaya, ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya. A yaren da muke rubuta mata umarni babu mai yi maka shara. In za ka ajiye wani abu, sai ka nemi gurbi a ƙwaƙwalwar, in ka gama kai da kanka za ka mayar. Ka manta, gurbin ya tafi ke nan.

Aikina shi ne jera bayanan rigakafin shanun Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda na kwafo daga littattafan mahaifina, malamin dabbobi a Gumel. Kullum sai aiki ya yi nisa, na'urar ta tsaya cak, ta buga cewa gurbi ya ƙare. Sati uku ina fama. Da aka ba da hutu na naɗe takardun na taho gida, raina a ɓace.

Wata ranar Asabar da hantsi Baba ya same ni a zaure na baje su a tabarma. Na yi masa bayani iya iyawata. Sai ya fita ƙofar gida ya tona ramuka a yashi kamar na dara, ya ɗebo tsakuwa.

"Ni ne injin naka," in ji shi. "Karanta. In ka ce ɗauka, in sa dutse. In ka ce mayar, in cire."

Muka fara da garken farko. Sa, cire, sa, cire, ramuka suka koma fayau. Har azahar babu abin da ya ragu. Bayan mun yi salla muka iso wani garke na Maigatari wanda ba a rubuta sunan rugarsa ba, makiyayan daga Damagaram suka ƙetaro. Umarnina ya ce in babu suna a tsallake zuwa na gaba. Na tsallake.

"Dakata," Baba ya ce, yana nuna rami da yatsa. "Wannan fa? Ba ka ce in cire ba."

Na dubi dutsen, na dubi takardar. Duk garken da ba shi da suna yana cinye gurbi ɗaya, ga su kuwa da yawa a bakin iyaka. Na yi tsalle har hulata ta faɗi. Inna ta leƙo daga cikin gida tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Baba. "Ɗanki ne ya tsinci dutse."

Layi ɗaya na ƙara da fensir: a mayar da gurbi kafin a tsallake. Ranar da na koma makaranta na'urar ta bi garkunan nan kaf ba ta tsaya ba, takarda tana ta zubowa har ƙasa. Malaminmu ya duba, ya ce in tsaya gaban aji in nuna yadda na gano. Da safe na shigo da tsakuwa cike da aljihu.