Romon ragon da Sale ya ba ni

Jama'a, yau taubashina Sale ya kusa kashe ni, kuma yana sane!

Kun san tun bara da kaska ta cije ni a garken shanu a Roni, likita ya hana ni jan nama, ya ce cizon ya sa jikina ba ya karɓarsa, zai iya kashe ni. Sa, rago, akuya, har romonsu. Sale bai taɓa yarda ba, kullum cewa yake iyayi ne.

Yau ana suna a gidansa a Gwiwa. Da hannunsa ya kawo mini shinkafa da miya, ya ce, "Ci abinka, kaza ce zalla." Na cinye. Can sai ya miƙe gaban mutane yana tafi: "To ga shi ya sha romon rago, ya mutu?" Aka kwashe da dariya. Na ce abin ba ya tashi nan take, sai an jima. Wa zai saurare ni?

Na hau babur na nufi Kazaure. Ban kai ba jikina ya ɗau ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe. Numfashi ya gagara! Na zube gefen titi. Wani mai adaidaita ne ya kwashe ni zuwa asibiti, aka yi mini allura. Nas ta ce saura ƙiris.

Da yamma sai ga Sale da ledar lemo, wai, "Haba taubashi, wasa ne fa."

Na ce, "Sale, 'ya'yana shida. Da yanzu kana zaman makokina kana gaya musu wasa ne. Ɗauki lemonka ka fita. Ni da kai wasa ya ƙare."