Takun Yu Parinem

A ƙauyenmu, da an ambaci Kang Ngadiyo sai a tuna ranar da Haji Marwoto ya faɗa kwamin kifinsa. Ngadiyo ne ya shimfiɗa masa falalen duwatsu a tsakar gida, da ciyawa koriya shar a tsakaninsu. Aiki ya yi kyau, sai dai duwatsun sun matsu da juna, Haji kuwa dogo ne kamar bishiyar kwakwa. Ranar walimar tarewa a sabon gidan Haji ya ɗauko farantin shayi, yana gudun taka sabuwar ciyawa, yana taku ɗaiɗai kamar amarya a matsattsen zane, har ƙafafunsa suka harɗe. Ranar kifaye ma sun sha shayi.

Mun yi dariya, amma mun san mafari.

A wannan sana'a yashi ake bajewa, mai gida ya ratsa ba takalmi, a ɗora dutse a kan kowane sawu. Masu gida ba su cika samun sukuni ba, don haka matar Ngadiyo, Yu Parinem, ita ke ratsa masa. 'Yar guntuwa ce. Takan wuce tana rangwaɗa don ta ba shi haushi, shi kuma ya ƙara tazarar ɗani guda saboda dogaye. Idan ya gama jeri sai ta durƙusa tana cusa ciyawa da yatsa, tana lallashinta kamar jika.

Zazzaɓi ya ɗauke ta bara waccan. Tun daga nan ba ya sa kowa ya ratsa yashi. Hannunsa ya haddace takunta, ɗanin nan kuma ya daina ƙarawa. Bayan abin da ya sami Haji, masu ba shi aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ya roƙe shi ya riƙa buɗa duwatsun, ya ce to, amma bai canja ba.

Rannan muna rumfar mai kofi, ana cin soyayyen rogo, sai tsoho Mbah Sakir ya tsokane shi.

"Kai Ngadiyo, yaushe za ka shimfiɗa na maza? Ko so kake duk garin nan mu koma ɗaura zane?"

Ngadiyo ya yi murmushi, ya daɗe yana juya kofinsa.

"Na gwada, Mbah. A gidan malamin makaranta na buɗa su. Da na gama na bi ta kansu don in ji tazarar. Kafin in ankara na kai ƙarshe, na waiga in ce mata ta yi sauri."