Jimlar da Malama Ta Tsinto a Bayan Bango

"Wallahi ba zan je ba! Ku yanka ni in kun ga dama, amma ƙafata ba za ta sake taka ajin matar nan ba!"

Muryar Auta ce, 'yar maƙwabta, ta ratso bango da sassafe. Malama tana zaune a bakin gado, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Kafin ta yi wani tunani, hannunta ya riga ya zaro ɗan baƙin littafinta daga ƙarƙashin matashi.

"Jarrabawa saura kwana goma sha biyu, shi ne za ki buɗe baki ki ce ba za ki je ba?" Uwar ce wannan. Tela ce, kuma ko keken ɗinkinta yana gudu ana jin muryarta daga bakin titi.

"To ku gaya mini inda Baba yake zuwa kullum da safe! Duk ajinmu sun sani, ni kaɗai ce sakarar da aka rufe!"

Wani kofi ya faɗi ya gangara. Malama ta dubi biron da ke hannunta, ta ga har ta rubuta rabin maganar yarinyar. Sai a lokacin ta tuna cewa ita ce matar nan da ake faɗa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma duk tsawon shekarun nan faɗa take yi da littafin karatu. Takan ɗaga shi da yatsu biyu kamar tsumman goge ƙasa, ta karanta misalin da ke ciki: da yaron ya ga ƙwallo, da ya buga. Sai ta wurgar da shi kan tebur. "Wane yaro? Ɗan gidan uban wa? Akwai wadda ta taɓa jin mutum mai rai ya faɗi wannan?" Don haka ta daina ƙirƙirar misali, ta koma tsinta. A cikin bas, a layin asibiti, a bakin famfo, duk inda wani ya faɗi magana mai zafi sai ta shige baƙin littafi. Da yamma ta mayar da ita Turanci, washegari ta hau allo. 'Yan matan suna tsoronta, suna kwaikwayon tafiyarta a bayan aji, amma ba sa manta jimlolinta, kuma a jarrabawa ajinta ne kullum a gaba. Shugabanni huɗu sun yi ƙoƙarin mayar da ita kan littafi, huɗun duk sun tafi sun bar ta.

Shekara shida da suka wuce iyayen Auta, direban tankar ruwa da matarsa tela, suka kama ɗakin da ke jikin nata. Tun daga nan ba ta ƙara wahalar tsinta ba. Bangon siriri ne, su kuma mutanen ba su san magana a hankali ba.

Ranar Litinin da ta wuce darasin ya faɗo kan salon Turancin da ake faɗin abin da ya riga ya kuɓuce: da kaza ya faru, da kaza bai faru ba. Ta jera jimloli biyar a allo, ta ce a mayar da su harshen gida kamar yadda aka saba. Ta ukun ta fito haka: da ka kai tankar ruwan gareji ranar da na faɗa maka, da kamfani bai kore ka ba. Wata mai dogon baki a layin baya ta ce, "Malama, tankar ruwa? Ai mun san mai ita." Kawuna arba'in suka juya kan Auta. Mako uku ke nan uban yana sa rigar kamfani da safe, ya je ya zauna a tasha har la'asar, don kada yarinyar ta sani sai ta gama jarrabawa. A allo ta sani.

Ƙofa ta girgiza da bugu. Malama ta buɗe, ta ga tela tsaye, tef ɗin awo a wuyanta, idanunta jajir.

"Malama, ina ganin girmanki ashe kunne kika kafa mana? Shekara shida ina ce miki Yaya, ina rage miki riguna ban taɓa karɓar ko sisi ba, ashe mu ne littafinki?"

"Maman Auta, ban faɗi sunan kowa ba."

"Tankar ruwa nawa ce a unguwar nan? Faɗa mini! Me ya hana ki rubuta lambar motar ma, ki huta?"

"Darasi ne. Yarinya ba ta riƙe jimla sai ta ji ta da rai."

"To ga shi ta riƙe! Kwana biyu ba ta ci ba, uban ya kasa haɗa ido da ita. In yarinyar nan ba ta rubuta jarrabawar nan ba, na rantse miki har makarantar zan zo, in tsaya a gaban allonki in ba da nawa darasin. Ke ba ki da ɗaki ne? Ba ki da miji? Ki rubuta naku mana!"

Ta juya, silifas ɗinta suna dukan siminti.

Malama ta rufe ƙofa. Haushin tela take ji, mace ko takardar firamare ba ta da ita za ta koya mata aiki. Haushin mai dogon bakin nan take ji, da haushin magini mai rowar bulo. Amma ƙarƙashin wannan duka akwai abin da ta kwana biyu tana kauce masa. Ba ta taɓa hawa allo da jimla ba tare da ta sauya mata kama ba. Mahauci yakan koma kafinta, ƙanwa ta koma ƙani. Wannan ƙa'idarta ce tun tana sabuwar malama. Tankar ruwa kuwa ta bar ta tankar ruwa, kuma ba mantuwa ta yi ba.

Ta tuna ranar da ta tsinci jimlar. Sun yi faɗa kamar za su tsaga rufin, tela tana zazzaga, direba yana rantsuwa. Ba a yi rabin awa ba sai ta ji matar ta ce, "To taso ka ci abinci, sarkin taurin kai." Sai dariya, su biyun, mutumin da aka kora daga aiki da matar da ta gama wanke shi tas. Dariyar nan ce Malama ta kasa yafe musu.

Ta juya ta dubi mijinta. Yana kan kujerarsa ta kullum, tsohon akawu mai ritaya, rediyo a kan cinya. Shekara ashirin bai ɗaga mata murya ba, bai kuma sa ta dariya ba. Na fita, na dawo, sannu da aiki, nan zancensu yake ƙarewa.

"An zo har ƙofar ɗakinka an zage ni. Ba ka da ta cewa?"

Ya ɗan rage sautin rediyon. "To me zan ce?" Ya jira kaɗan, ya mayar da sautin inda yake.

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta zauna, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta jimloli biyar da ƙarfin da biro ya huda takardar. Ba ta saurari kowane bango ba, kuma ba ta ɗauki minti uku ba. Ta yage duk shafukan shekara shida, ta sa ɗaya takalmin, ta fita.

Labulen maƙwabta a sake yake. Direba yana zaune a tsakar ɗaki da rigar kamfani, kansa a ƙasa. Tela ta taso ta tare ƙofar da jikinta. A bayanta Auta tana leƙe, fuska a kumbure, kayan makarantarta a yashe kan keken ɗinki.

Malama ta danƙa wa uwar yagaggun shafukan, amma idonta yana kan yarinyar.

"Ga naku, ku ƙona. Ke kuma sa kayanki ki biyo ni, ba zan jira ki ba. Jimloli biyar ne a allo yau, duk daga ɗakina suka fito, kuma da sunana a sama. Ke za ki fara karantawa, da ƙarfi, yadda mai dogon bakin nan za ta ji."