Agogon Paris a Bakin Komadugu

Mun tashi da asuba daga garinmu na bakin Komadugu, ni da ƙawata, da kwamfutar gidan rediyon gari naɗe cikin bargo kamar jinjiri mai zazzaɓi. Difa muka nufa. Ni malamar makaranta ce, na roƙi hutun yini guda. Ita kuwa mai gabatar da shiri ce a rediyon, amma an dakatar da ita, kuma ranar Juma'a kwamiti zai zauna ya sallame ta gaba ɗaya. Da ƙyar suka yarda mu kai na'urar gyara, bisa sharaɗin kuɗin mota daga aljihunmu.

Bari in faɗa muku laifinta. Bayan damina wasu masu taimako suka kawo mana kwamfutar nan daga Faransa, wadda aka riga aka yi aiki da ita. Duk sanyin bana agogonta bai taɓa kuskure ba, har gari ya jingina da shi. Yanzu da kogi ya janye ya bar gurabu, manoma na karɓa-karɓa da injin ban ruwa guda, kuma idan ƙawata ta faɗi lokaci a rediyo, mai ruwa ya miƙa tiyo ga na gaba. Ƙarshen watan Maris agogon ya yi tsalle da awa ɗaya. Ta gyara da hannu. Amma duk ranar da ta haɗa na'urar da intanet don aika rahoto, sai ya koma gaba, wani lokaci ba ta lura ba sai ta riga ta faɗa. Masu agogon hannu suka ce da sauran lokaci, masu rediyo suka ce a ba su ruwansu. Maƙwabta biyu suka kai ga fasa kai. Shugaban kwamiti ya yanke hukunci a taƙaice: "Injin Turawa ba ya ƙarya. Yarinyar ce ke taɓe-taɓe."

Motar da muka samu tsohuwar a-kori-kura ce, shaƙe da buhunan busasshen tattasai. Aka ba mu gaba saboda kayanmu, muka biya kuɗin mutum uku, domin direba ya ce duk abin da ya zauna a kan cinya fasinja ne. Da naira muka biya, kamar kowa a nan. Ba mu yi nisa ba kowa ya fara atishawa, har wani dattijo a baya ya ce wannan mota ko aljani ba ya hawanta kyauta.

Ina son wannan hanya, ko da raina a ɓace yake. Gari na wayewa, goriba ta fito baƙi ƙirin a jikin sama, balbelu suka jeru a bakin gurbi kamar farin wanki da aka shanya. Ana ganin hayaƙin masu banda yana tashi a hankali, ana jin zakaran tsallaken Najeriya yana amsa wa na wannan gefe. Su kam ba su taɓa saɓani a kan lokaci ba. Na juya in nuna wa ƙawata, sai na ga ta rungume bargon, idonta a ƙasa. Yarinyar da muryarta ke shiga kowane gida, yau ko gaisuwar direba da ƙyar ta amsa. Nan na daina kallon tsuntsaye.

Yashi ya riƙe mu sau da yawa, maza suka sauka suka tura. A shingen jandarma aka ce mu kwance bargo. Jandarman ya leƙa, ya tambaya ko talabijin ce, muka ce ordinatar ce marar lafiya. Ya yi dariya ya ce Allah ya ba ta sauƙi. Da muka hau kwalta sai jiki ya yi shiru, kamar an cire mana duwatsu daga cikin ƙashi.

Hantsi ya yi muka shiga Difa. Zafi ya riga mu isa. A bakin tasha muka karya da ƙosai da kunun gyada wurin wata mata Babarbariya mai Hausa mai daɗi, wadda ta ƙara mana ƙosai biyu don ta ce fuskar ƙawata ta yi kama da ta mai zuwa kotu. Kabu-kabu biyu suka kai mu wani shagon intanet kusa da kasuwa, inda aka ce akwai mai gyara.

Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ɗan Damagaram, yana shan shayi a kan wata matacciyar firinta. Ya saurare mu rabi-rabi ya ce, "Madam, pil ne." Ya buɗe cikin na'urar ya zaro wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya sa sabo, ya daidaita agogo, ya tafa hannu.

Ƙawata ta ce, "Malam, don Allah haɗa ta da intanet tukuna."

Ya haɗa, ya danna wurin da agogo ke neman lokaci da kansa. A gaban idonmu awa ɗaya ta ɓace. Ƙawata ta miƙe tsaye ta ce, "Ka gani? Na taɓa ta? Wallahi hannuna na cikin mayafi!" Duk shagon ya juyo.

Mai gyara ya ajiye kofin shayi. Ya buɗe shafin da ake zaɓar yankin lokaci, sai ga layi da Faransanci, sunayen birane a jere, Paris a ƙarshensu, ƙarƙashinsa kuma wani ɗan akwati da aka yi wa alama. Ya dafe kai ya ce ya gane. Can ƙasar, in sanyi ya wuce, suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, su mayar in sanyi ya dawo. Lokacin sanyi agogonsu daidai yake da namu, shi ya sa ba wanda ya ankara. Na'urar ba ta lalace ba. Har yau ba ta san ta bar gida ba, kuma duk sa'ad da ta samu intanet sai ta tambayi lokacin Paris ta bi. Ya zaɓi yankinmu na Afirka, ɗan akwatin ya daina aiki, sannan mai gyaran ya sake danna wurin neman lokaci. Agogo ya tsaya daidai da na bangon shagon. Ya sa ƙawata ta maimaita da hannunta har ta iya.

Ban san ina da fushi irin wannan ba. Gyaran bai kai shan kofin shayi ba. Waɗanda suka kawo kyautar sun ɗauki hotuna da ita, sun ci kaji, ba wanda ya tsaya ya gaya wa na'urar inda take. Mu kuma da muka karɓa mun fi yarda da akwatin ƙarfe fiye da ƴar da muka haifa, don kawai akwatin ya hau jirgi. An kira ta marar natsuwa a gaban mahaifinta. Na fita waje na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Da la'asar muka juyo cikin motar kwandunan kifi da babu kifi, sai ƙarni. Wannan karon ƙawata ta yi ta hira da direba, har ta saya wa mahaifiyarta dabinon garin Maine a bakin hanya.

Washegari ba mu jira Juma'a ba. Aka tara kwamiti a ɗakin rediyo. Ƙawata ta mayar da na'urar kan Paris, agogo ya yi tsalle. Ta dawo da ita gida, ya dawo. Wani dattijo ya ce a sake, ta sake. Shugaba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "To, ta koma aiki. Amma ƴata, ki riƙa kiyayewa."

Na ce, "Baba, me za ta kiyaye?"

Ya ce, "Malama, ɗalibanki na jira."

Ba wanda ya ba ta haƙuri, har yau da nake rubuta wannan. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: wanke mutum daga zargi abu ɗaya ne, a ce masa an zalunce shi wani abu ne dabam, kuma na biyun ya fi Difa nisa.

Da yamma ina gyaran takardun yara na kunna rediyo. Muryarta ta fito, a natse, ta faɗi lokaci. Sai ta ƙara da abin da ba a rubuta mata ba: "Wanda agogonsa ya saɓa da nawa, kada ya taɓa maƙwabcinsa. Ya zo nan mu duba tare, yanzu na san inda ake dubawa."